Zubi da Kwasa: Mu da Kuɗi a Unguwa

A unguwarmu babu mai kuɗi, tambayi kowa ka ji. Ka tare magidanci a ƙofar masallaci bayan la'asar ka ce ya agaza maka da dubu biyu zuwa jibi, nan take zai zazzage aljihun gaba da na gefe, ya nuna maka carbi da makullin babur da tsohuwar takardar asibiti, ya ce yau ko cefane sai da aka yi dabara. Kuma gaskiya ya faɗa. Amma ka dawo ranar Juma'a da yamma, za ka tarar da mutumin nan yana ƙirga dubu biyar cif yana miƙa wa uban adashi. Ina ya samo? Ai wannan kuɗin zubi ne, ba a lissafa shi cikin dukiya. A wurinmu kuɗi iri biyu ne. Akwai na aljihu, wanda rabon duk wanda ya riga kawo kuka ne, akwai kuma wanda aka raɗa wa suna tun kafin ya shigo hannu, shi kuwa ko wuta ake yi ba a taɓa shi.

Masu zuwa da takardun bincike kan ce talaka bai san tanadi ba. Da za su shimfiɗa tabarma su yi mako guda a zaurenmu, da sun koma sun gyara rubutunsu. Tanadi muke yi dare da rana, sai dai a ɓoye, don masu neman kuɗinmu uku ne: na dare mai haura katanga, da ɗan'uwa mai sallama da rana tsaka da labari mai sa hawaye, da kuma zuciyarmu, wadda ta fi su duka sanin inda aka ajiye. Tun muna yara aka fara horar da mu da asusun ƙasa, ɗan tulun nan mai tsaga a kafaɗa. A saya mana bayan babbar sallah, a ce kada a fasa sai azumi ya kama, a sayi takalmi da agogon roba. Kowa ya yi alkawari. Kowa kuma, in zai faɗi tsakaninsa da Allah, ya taɓa kifa asusun nan a cinya ya zura tsinken tsintsiya yana zaƙulo sulalla don alawa da gyaɗa. Da muka girma ba mu tuba ba. Mun koma asusun katako da kafinta ke bugawa da ƙusa, muka kuma ƙware wajen ɓamɓare gindinsa da cokali mu mayar ba a gane ba.

Wuraren ɓuya kuwa kowa ya san na kowa, amma kowa gani yake nasa ne ba za a gano ba: ƙarƙashin katifa, cikin matashin kai, ƙullin bakin zani, lalitar tsohuwa, gwangwanin madara a bayan buhun gero, aljihun babbar rigar da ba a sawa sai da sallah. Asirinmu bai tonu ba sai da Babban Bankin Najeriya ya sauya takardun naira 200 da 500 da 1,000 a ƙarshen 2022, aka sa wa'adin mayar da tsofaffi a farkon 2023. Nan aka ga ikon Allah. Tsohuwar da jikoki ke haɗa wa kuɗin goro ta aika a kira mata babban ɗanta, ta sa aka rufe ƙofa, ta jawo ƙunshi daga ƙarƙashin gado ta ce, "Ungo, kai mini a canza, kuma ban ce ka gaya wa kowa ba." Mutumin da ya shekara mai shayi na binsa ya bi layin banki da baƙar leda a hammata. Wasu takardun sun yi fumfuna, wasu gara ta ɗanɗana. Muka haɗu a layi muna gaisawa, ana tambayar iyali da gajiya, babu mai tambayar wani abin da ke cikin ledarsa. Daga nan aka shiga watannin da kuɗinka na banki amma gidanka ba a ɗora tukunya ba, sai ka biya mai POS ya sayar maka da naka. Wahalar nan ta ƙara wa da yawa daga cikinmu yarda da katifa.

Ajiyar da ta fi kwanta mana a rai dai ita ce mai numfashi. Mace ta samu ɗan rara daga ƙosai ko kitso, sai ta sayi kaza, kaza ta zama akuya, akuya ta zama tunkiya, in Allah ya sa albarka a haɗa a sayi maraƙi a kai ƙauye kiwo. Rago kuwa tun bayan layya ake sayen ƙarami a ɗaure a tsakar gida, ana ba shi dusa da harawa da ƙanzo har ya zama ɗan gida, ranar sayarwa yara na kuka. Iyayenmu mata sun zuba dukiyarsu a tasa da langa da samira, an jera har rufi, 'yan yanzu suka koma ɗan kunne da sarƙar gwal. Mai ɗan ƙarfi ya sayi buhunan masara ko wake da kaka, a Dawanau ko a kasuwar ƙauye, ya jibge sai farashi ya tashi. Kada wani ya kira wannan ƙauyanci. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce a watan Disamba na 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100 a shekara. Dubu ɗarin da ta shekara a ƙarƙashin katifa ta wayi gari ba ta sayen abin da dubu saba'in da biyar ke saya a bara, akuya kuwa ta wayi gari da 'ya'ya biyu. Inda gizo ke saƙar shi ne, ba a yankar ƙafar akuya a kai kemis. In yaro ya kwana da zazzaɓi ana neman dubu uku, dole a ja ta kasuwa gaba ɗaya, dillali kuma yana kallon idonka ya san a matse kake.

Shi ya sa duk inda muka zaga sai mu dawo ga adashi. Ba mu kaɗai ke yi ba, Yarbawa na yi, mutanen Ghana da Kamaru na yi, amma mu mun mayar da shi abincin yau da kullum. Mutum goma, kowa dubu biyar duk Juma'a, dubu hamsin ga mutum ɗaya kowane mako, mako goma an zagayo. Babu ruwa, babu jingina, babu fom, babu hoton fasfo. Wanda ya kwasa da wuri rance ya ci ba tare da ƙarin ko kwabo ba, wanda ya kwasa a ƙarshe kuma ajiya ya yi a inda tsinkensa ba zai kai ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kakanninmu sun gane haka tun kafin a gina banki na farko a ƙasar nan. Uwar adashi ita ce manaja, ita ce akawu, ita ce alƙali. Ofishinta bakin gado ne, kayan aikinta littafin makaranta mai layi da biro da jaka mai zif. Wata ko firamare ba ta gama ba, amma ba ta taɓa ɓatan lissafin naira hamsin ba.

Ranar rabon lamba ita ce ranar kallo. "Hajiya, don girman Allah ki sa ni a farko, kin san bikin 'yarki saura wata guda." Kafin a rufe baki wata ta karɓe: "Haba Yaya, ai ke kika fara wancan zagayen. Ni haya ce a wuyana, mai gida har ya aiko sau biyu." Ta uku ta ce maigidan ne ba lafiya, ta huɗu ta ce an koro yara daga makaranta. A ranar nan babu wadda ba ta da biki ko haya ko majinyaci. Uwar adashi ta bar kowa ya gama, sannan ta ce, "To ku yi haƙuri 'yan'uwa, ƙuri'a za a yi." A nannaɗe 'yan takardu a zuba a murfin kwano, a kira yaro ya ɗauka. Ta farko dai tata ce, al'ada ta ba ta, don ita za ta cike giɓi ranar da wata ta gaza. Sabuwar shiga kuwa can ƙarshe ake sa ta, sai an ga kamun ludayinta.

Kafin mu kwasa mun fi kowa cika alkawari, tun hantsi muke aika yaro da zubi. Da mun kwasa sai ƙafa ta yi nauyi. Yaron uwar adashi ya yi sallama a ce masa ta shiga wanka, ya dawo a ce ta tafi unguwa, ga takalmanta kuwa a bakin ƙofa. Yanzu da adashi ya hau WhatsApp, uzuri ya samu sabuwar riga: "Na tura, Hajiya, netwok ne ya riƙe." Duk da haka a ƙarshe muna biya, kuma a nan sirrin yake. Uwar adashi ta san surukarki, Islamiyya ɗaya kuke zuwa, gobe a gidan suna tabarma ɗaya za ku zauna. Wadda ta ci adashi ta gudu ta cinye sunanta ne, labarin zai riga ta isa duk unguwar da ta koma. Kunya ce jinginar da muka ajiye, kuma ta fi takardar gida ƙarfi.

Niyyar kwasa kuwa kullum jari ce. Saura kwana uku ana ta lissafi a kan gado: injin markaɗe, keken ɗinki, firjin sayar da zoɓo da ƙanƙara. Ranar da kuɗi ya shigo, ranar ake aiko da ankon bikin ƙanwar ƙawa, ranar waya ke faɗawa ruwa, ranar Kawu ke sauka daga ƙauye da jakarsa, Allah kaɗai ya san wa ya gaya masa. Amma duk da ɓarnar nan, zaga layinmu ka ƙirga. Kwanon rufin gidan can, A Daidaita Sahun yaron nan, kuɗin jarrabawar WAEC na yarinyar da ke koyon aikin jinya yanzu, gadon amaryar bara, har kujerar Makka ta Inna, in ka bi salsalarsu adashi za ka tarar. Da yayyafi kogi kan cika.

'Yan kasuwa da masu tebur suna da nasu salon, mai karɓar zubin kullum. Yakan zagayo da yamma da 'yar jakarsa da kati mai gidaje na kwanakin wata, ka ba shi ɗari biyar ya sa alama. Ƙarshen wata ya dawo maka da tarinka, ya riƙe zubin kwana ɗaya ladan zirga-zirgarsa. Mu ke biya a riƙe mana kuɗinmu, kusan kashi uku cikin ɗari duk wata, har da godiya da addu'a. Kuma da hujjarmu. Mai ƙosai ba za ta bar kasko a wuta ta hau mota ta je ta bi layi don ajiye ɗari biyar ba, balle a tambaye ta BVN da lambar ɗan ƙasa da takardar wuta. Shi kuwa mutumin nan har gaban murhu yake zuwa. Wani sa'in a wayi gari ya ɓace da tarin rabin kasuwa, a yi salati, a yi Allah ya isa, bayan wata biyu a samu wani a ci gaba. Mutanen da ke jure wannan duka don su tara abin kansu, wa zai ce ba su son tanadi? Amintaccen wuri a kusa suka rasa.

Sai biki, wanda shi ma adashi ne da ya sha lalle. Ranar suna ko aure ana zaunar da yarinya mai kyan rubutu kusa da uwar biki, duk wadda ta miƙa gudummawa a rubuta: wance dubu biyu da turmin atamfa, wance kwalin taliya, wance dubu ɗaya da sabulu. Littafin nan ba ya ɓata. Ko bayan shekara bakwai hidimar wance ta tashi, za a ɗauko shi daga ƙasan akwati a duba, a mayar mata da abin da ta kawo a ɗora ƙari, a wasu wuraren ma ninkawa ake yi. To ga abin mamaki. Mu da muke rubuta sabulu, in maganar rance ta zo, ko na dubu ɗari biyu ne, kunyar rubutu muke ji. Wanda ya ce a ɗauko takarda a kira shaidu sai ya ji, "Haba Alhaji, tsakaninmu har sai an rubuta?" Alhali kowa ya sha ji a tafsirin azumi cewa ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take. Mu gyaɗa kai a gaban malam, mu fito mu miƙa kuɗi a bayan mota babu mai gani sai Allah. Bayan shekara biyu mai bayarwa na cewa ɗari biyu ne, mai karɓa na cewa ɗari da hamsin, in ɗayansu ya rasu magada su gaji rigima. Zumunci nawa ne ya mutu a kan abin da rabin shafi zai raya?

Neman rancen kansa ma sana'a ce mai ladubba. Ba a faɗa wa mutum kai tsaye. Sai bayan isha'i a yi sallama a zaure, a tambayi iyali da kasuwa, a sake jajen rasuwar da aka yi wata uku da suka wuce, a taɓa siyasa, a koka da tsadar taki, har maigida ya fara hamma. Sai an miƙe ana laluben takalmi sannan a ce, "Af, Yaya, na ce ko da ɗan abin da za a taimaka mini da shi zuwa ƙarshen wata." Ba a faɗin wane watan. Daga ranar reshe ya juye da mujiya, mai bin bashi shi ke jin nauyi. Shi zai riƙa sauya hanya don kada a ce tambaya ya zo, in ya daure ya tuna a ce masa, "Don ɗan abin nan?" Wanda ake bi kuwa ya fito ranar sallah da sabuwar shadda ya gaishe shi da fara'a. Bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma dukkanmu mun zauna a kujerun nan biyu. In muna bi mu ce mutane ba amana, in ana binmu mu ce mutane ba haƙuri.

Wanda ya fi kowa shan wannan shi ne mai shagon kan kwana. Ya rubuta "ba bashi" da fenti a jikin ƙofa, a ƙarƙashin kanta kuma ga littafi mai kauri cike da sunayenmu: gwangwanin shinkafa, ƙullin sukari, man gyaɗa na ɗari biyu, burodin safe. Ba ya ɗora ko sisi. Irinsu ne suka riƙe gidaje da yawa lokacin kullen korona a 2020. Mu kuma in namu ya yi nauyi sai mu ɗauki tsabar kuɗi mu zagaya ta bayan layi mu sayi kaya a wani shagon, don kada a haɗa ido. Bashin na wurinsa, cinikin na wurin wani. Ran da ya rufe ya koma garinsu, mu taru mu ce kasuwa ce ta yi masa gardama.

Wannan duk somin taɓi ne in aka zo kan kuɗin gwamnati. A 1989 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kafa People's Bank don bai wa ƙananan masu sana'a rance ba jingina, aka ɗora Tai Solarin a shugabancinsa. Zuwa 2000 an narkar da shi cikin bankin manoma mai hedikwata a Kaduna. A watan Nuwamba na 2015 Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin Anchor Borrowers a Birnin Kebbi, a ba manomi iri da taki da maganin feshi, ya biya in ya girbe. A 2018 aka zo da TraderMoni, naira 10,000 ga mai ƙaramin tebur, in ya biya a ba shi wanda ya fi. A takarda duk sunansu rance, a bakinmu sunansu tallafi, ko kuma rabonmu na arzikin man fetur. Taki ya bi ta ƙofar baya ya koma kasuwa, wani ya gyara ɗaki ya ƙara aure. Gaskiya ne akwai waɗanda ambaliya ko fari ko 'yan bindiga suka hana biya, akwai kayan da suka iso bayan shuka ta wuce, akwai sunayen da aka cike da dangin masu rabo. Amma akwai mu ma, da muka girbe lafiya muka yi gum. Matar da ba ta taɓa tsallake zubin Juma'a ba ita ce za ta ce, "Wa ya taɓa biyan gwamnati?" Dalili a fili yake, uwar adashi tana da fuska, gwamnati kuwa ba ta zuwa gidan suna. Abin da muke mantawa shi ne, rancen da bai koma ba rabon na bayanmu a layi muka cinye. Asusu ya bushe, shiri ya mutu, mu zauna muna cewa an manta da talaka.

In ƙofofin sauƙi suka rufe, ina muke zuwa? Mu da muke gudun banki saboda ruwa, in ta kai mana wuya da dare muke sallama a gidan mutumin da kowa ya sani amma ba a ambata. Ya ba ka dubu goma ka dawo da sha biyu a wata, kashi 20 ke nan, a shekara 240. A ƙauye kuwa akwai bashin damina. Watan Agusta rumbu ya yi ƙasa, ga noma ga yunwa, sai a karɓi buhu ɗaya a biya biyu da kaka, ko a sayar da amfani tun yana gona a farashin wulaƙanci, ko a jinginar da gonar gado. Matasanmu sun gano manhajojin rance a waya, minti biyar kuɗi ya shigo, kwana bakwai a biya, in ka makara a aika saƙon cin mutunci ga duk lambobin da ke wayarka, har da surukinka da limamin unguwa. Abin ya kai hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya ta kai samame ofisoshin wasunsu a Legas a 2022. Masu ɗan tari kuma kwaɗayi ya buɗe musu ƙofar wahala. A 2016 harkar zuba kuɗi ta MMM ta yi alkawarin ribar kashi 30 a wata, a Disamba ta rufe asusu, amma har gobe in aka zo da irinta a sabuwar riga za ka tarar da mu a sahun gaba, mun manta banza ba ta kai zomo kasuwa. Bankin Jaiz ya buɗe a 2012 a Abuja da Kaduna da Kano, wasu bankunan da ba ruwa suka biyo baya, sun kuma cire wa mutane da yawa ƙaya. Ƙananan bankuna ma sun yawaita tun bayan tsarin da Babban Banki ya fitar a 2005. Sai dai mai wainar da ke neman dubu ashirin na shinkafa da mai har yanzu tsakaninta da kantar banki akwai tafiya.

Maganin da ya fi dacewa da jikinmu a gida aka haɗa shi. A 1991, a yankin Maraɗi, ƙungiyar CARE ta zauna da matan karkara suka ɗauki adashin da suka gada suka yi masa kwaskwarima, aka kira shi Mata Masu Dubara. Ba kuɗi aka kawo musu daga waje ba, horo aka ba su, zubin nasu ne. A tsarin da ya bazu daga nan, mata goma sha biyar zuwa talatin ke haɗuwa duk mako. Akwatin ƙarfe ne mai kwaɗo uku, makullan na hannun mata uku, akwatin kuma na kwana a ɗakin ta huɗu. Ba a buɗe shi sai a gaban kowa, a ƙirga da ƙarfi kowa na ji. Ba a kwashe wa mutum ɗaya, rance ake ba mai buƙata na ɗan lokaci ta juya ta dawo da shi. Gefe guda akwai ƙaramin asusun jaje don ciwo da gobara da rasuwa. In shekara ta zagayo a fasa a raba, kowa gwargwadon zubinta. Dubi yadda ya toshe ɓarakar da muka sani: adashi layi yake bi, zazzaɓi kuwa ba ya jiran lambarki ta fito, kuma ba mai iya gudu da akwatin da makullansa ke gida uku. Tsarin nan ya zaga ƙasashe da dama na Afirka da Asiya, ya dawo ƙauyukanmu da wasu sunaye. Inda ake gudun ƙari a kan rance, mata kan nemi shawarar malamai, su ba da rancen ba ƙari, su nemi riba ta hanyar sayen hatsi da kaka, ko ƙungiya ta sayi keken ɗinki ta sayar wa 'yar'uwa da ribar da aka yarda da ita, ta biya kaɗan-kaɗan.

Don haka masu son taimaka mana, gwamnati ce ko ƙungiya ko attajiri, ga roƙonmu. Ku same mu inda muke zaune, ku ba da ta hannun taron da muka san idon juna. Ku daidaita biya da ranar kasuwa da lokacin kaka. Ku faɗa mana a naira nawa za mu mayar gaba ɗaya. Ku raba kyauta da rance tun ranar farko, kuma kada ku zo rabo ana saura wata uku zaɓe. Masallatanmu ma da aiki a gabansu. Kano na da Hukumar Zakka da Hubusi tun 2003, amma ko a matakin unguwa, in masu hali suka haɗa dubu ɗari biyar suka yi waƙafinta don rance ba ruwa, mutum 25 za su samu dubu ashirin-ashirin. In suka biya cikin wata shida, a shekara mutum 50 ke nan, kuɗin kuma na nan bai ragu ba. Mu kuma namu aikin bai da yawa: mu rubuta, mu kira shaidu biyu, mu sa rana. Kafin mu miƙa wa wani tarinmu mu tambaya ko yana da lasisi, don tun 2024 hukumar NDIC na lamunin ajiya har naira miliyan 2 a ƙaramin banki mai lasisi, mai jaka a kafaɗa kuwa ba mai lamuninsa.

Duk wanda ya kawo nan a karatu, akwai sunan da ya faɗo masa a rai, wataƙila biyu. To kada a jira ƙarshen watan da ba shi da suna. A ɗauki abin da ya samu, ko rabi ne, a je da ƙafa, zuwa da kai ya fi aike. A ce, "Yaya, ga wannan, saura ranar kaza," a faɗi ranar a rubuta ta. A biya ta shagon kan kwana a sa a buɗe littafi a soke layi biyu. Kuɗin da ka mayar yau shi za a ranta wa makwabcinka gobe ya kai matarsa asibiti, jibi kuma kai ne za ka sake yin sallama a zauren nan bayan isha'i, kuma za ka so a ce maka shigo da fara'a.